Baƙaƙe Huɗu

Shekara hamsin da ɗaya ina sassaƙa a Bait Sahur,
a shagon da ubana ya bar mini
da gizagonsa, da bashinsa, da tarinsa.
Itacen zaitun sai ya shekara biyu a inuwa
kafin ya yarda da wuƙa.
Mai gaggawa, tsagewa yake girba.

Gicciye nake yi. Manya na majami'a,
ƙanana na wuya, na aljihun masu ziyara.
A saman kowanne akwai ɗan allo,
bai fi farcen babban yatsa ba,
da baƙaƙe huɗu na Latin.
Su nake bari sai ƙarshe, in hannu ya natsu.

Jiya jikata Nijma tana share garin katako,
ta ɗaga ɗaya ta ce, "Kaka, me aka rubuta?"
Na ce, "Sunansa, da garinsu, da sarautarsa:
Sarkin Yahudawa."
Tsintsiya ta tsaya.
"Nasu ne ke nan?
Irin sojan da ya sauke mu daga mota a shinge?
To, mu fa?"

Ni da na amsa wa limamai, na amsa wa 'yan haraji,
sai ga 'yar shekara tara ta ɗaure mini baki.

Obadiya ya faɗo mini a rai,
haifaffen Bagadaza, mai sayar da man goge katako
a Urushalima, kafin a ja katanga.
Larabcinsa ya fi nawa zaƙi.
Yakan juya gicciyena a tafinsa, ya yaba aiki,
sannan ya ce, "Saliba, in dai shi ne,
ina salamar?
Mu sarkin da muke jira, in ya zo
ba sai an rubuta a allo ba."
In ce, "Ya zo a kan jaki, kuna duban doki."
Ya ce, "Sha gahawarka, ta huce."
Shekara ashirin muna haka,
ba wanda ya kayar, ba wanda ya tashi.
Ran da ya rasu ban sami takardar wucewa ba.

Waɗanda suka fara kafa allon nan
ba'a suka yi nufi.
Sun ba shi ƙaya a madadin rawani,
sun ba shi ƙusa a madadin gadon mulki.
Mu kuwa muka karanta ba'ar, muka durƙusa.
Jinin Dawuda ne, ba yadda zan kankare.
Uwarsa ta kunna fitilar Asabar,
an yi masa kaciya ran kwana takwas,
a can bayan tudun nan aka haife shi,
inda yanzu motoci ke rigimar wurin tsayawa.

Wani dillali ya taɓa cewa in bar allon,
wai ya fi saurin shiga kasuwa.
Na yi guda goma haka.
Da na jera su a taga,
sai na ga sanduna bibbiyu kawai.
Na kwashe, na kwana ina gyara.

Na ja Nijma bayan gida,
gindin zaitun da ya girmi kakan kakana.
Na ɗora yatsanta a kan wani tabo.
"Wannan reshe daga jeji ubana ya yanko shi,
ya tsaga, ya cusa, ya ɗaure da tsumma.
Saiwar ba tasa ba ce.
Amma man da kika dangwala da safe
daga nan ya fito."

Ta shafa tabon, ta daɗe.
Ta ce, "Ba ka ce komai kan sojan ba."

Gaskiya ne, ban ce ba.
Na miƙa mata ƙaramar wuƙa da allo guda.
Baƙi na uku ya fito a karkace,
kamar mai ɗingishi.
Ban gyara ba.
Na manna shi, na ajiye a kusa da hoton ubana,
inda nake sa abin da ba na sayarwa ba.