Marfin Kwalba

Ranar Talata Baba ya dawo daga asibitin Garwa
da takarda ninki huɗu a aljihun gaba.
Ya zauna bakin tabarma yana haki
kamar wanda ya turo mota tun daga gadar Binuwai.
Likita ta ce jini ya hau, sukari ya leƙo,
ta rubuta dubu da ɗari takwas,
wai kalori,
abin da mudu bai san shi ba
amma ƙugu ya sani.

Inna Asta fuskarsa ta karanta, ba takardar ba.
Ta ce, tukunya ɗaya gare ni a gidan nan,
wanda ya taya mutumin nan cin daɗi
sai ya taya shi cin lami.

Ni aka damƙa wa littafi da biro
don ni ce ba na faɗuwa lissafi a makaranta.
Man auduga, da Inna ke tuttulawa
har sai zuciyarta ta ce ya isa,
ya koma marfin kwalba biyu.
Sukarin shayi daga ƙwaya biyar zuwa ɗaya.
Tuwon dawa gwargwadon dunƙulen hannu,
nan fa gardama ta kaure.
Hannun wa?
Baba ya miƙo nasa, mai ɗaure tantin tirela,
Inna ta kamo na Bakari, ɗan shekara tara.

Iya Dudu tana kallonmu daga kan gadonta.
Ta ce, a zamaninmu ba a aika wa yunwa goron gayyata,
da ƙafarta take zuwa.
Na ga shekarar da muka tona gidan tururuwa neman tsaba,
yau ga hatsi buhu kan buhu
kun ɗauko alƙalami kuna korar sa.
Ba wanda ya tanka.
Ludayi kawai ya yi ƙara a gindin tukunya.

Giwan ruwa ya bar kasko ya hau garwashi,
tafasa da yakuwa suka cika rabin kwano.
Bayan magariba mu fita sahu ɗaya,
daga Hausare har kwanar Yelwa, mu juyo.
Maƙwabta suka riƙa tare mu:
lafiya? wa ya rasu?

Dare na tara na kasa.
Dala arba'in a tafina, na lallaɓa wurin mai tsire
da mayafi har goshi.
Ina ɗaga kai, ga mutum a bayan hayaƙi,
tsinke uku a hannu, ƙuli a gemu.
Baba.
Ya dube ni, na dube shi,
mai tsire ya dubi wutarsa.
Can ya ce, littafin yana wurinki?
Na ce yana gida.
Ya ce, to rubuta, nawa da naki,
kada ki rage ko tsinke.

Na rubuta.
Da safe Inna ta karanta, ta yi dariya har da hawaye,
ta janyo shafin gabanta
ta ƙara da hannunta: fanke biyu, a ɗakin girki, a tsaye.
Bakari ya ce shi alewa ce, amma ƙarama.

Wata biyu ke nan yau.
Baba ya huda sabon rami a bel ɗinsa da ƙusa,
yana sunkuyawa ya ɗaure takalmi ba nishi.
Ni ban ga canji sosai ba, sai dai barci.
Jiya kuwa Inna na fama da mura,
Iya Dudu ta sauko ta karɓi girki.
Na leƙa ta taga.
Ga ta da marfin kwalba, hannu na rawa,
ta auna ɗaya, ta auna biyu,
ta tsaya,
ta ɗiga ɗigo guda a kai
ta ce, wannan na Allah ne,
ba ya shiga littafi.