Takwarorin Dankan

A garinmu, gabas da Gujungu,
inda kwalta ke gajiya ta miƙa wa burji,
in ka tsaya bakin kasuwa ka ce "Dankan!"
mutum uku za su waiwayo.
Na huɗun yana kwance a wata ƙasa mai sanyi
da babu ɗayanmu da ya taɓa takawa.

Inna Tabawa ce ta ba ni labarin.
Shekarar da ciwo ya shiga garke,
shanu na zuba kamar kanya a iska,
wani Bature ya iso bisa keke,
fuska ja, gashi kamar gezar masara,
da allurai cikin akwatin ƙarfe.
Ya ce kar a haɗa shi da Ingilishi,
shi mutanensa na kan duwatsu,
mazansu ma zane suke ɗaurawa.
Aka yi dariya har da riƙe ciki.
Sunansa ya ƙi kwanciya a baki,
aka sassaƙe shi ya koma Dankan.
Wasu suka ce ai ɗan Kano ne
da ba a ƙarasa faɗa ba.

Shanu suka miƙe, shi ya tafi.
A daminar nan mata uku suka sauka.
Liman ya raɗa nasa sunan,
gari ya raɗa nasa,
na garin ne ya zauna.

Ubale, Dankan na gudu.
A langa ba a taɓa kayar da shi ba,
ya je birni ya tsere wa masu takalmi,
shi da tafin ƙafa da gajeren wando.
Yau gwiwa ta ci amanarsa,
kofin da ya ciyo yana kan kanta,
matarsa na auna gishiri da shi.

Ɗayyabu, Dankan na kujera.
Kansila sau biyu, jam'iyya huɗu,
hula ɗaya dai, yana juya mata gaba.
Allon rijiyar da ya yi alkawari
har yanzu yana tsaye, da sunansa a jiki.
Awaki na shan inuwarsa.

Malam Nadabo, Dankan na takarda,
ya ƙare kwanansa a fadama
yana rubuta sunayen tsuntsaye,
wanda ke zuwa da kaka, wanda ya daina zuwa.
Littafi tara. Gara ta karanta uku.

Ba sa shiri. Kowa na ganin
sauran biyun aro suka yi.

Rannan direban Ringim ya ajiye wasiƙa a shagona,
kan sarki baƙo, bayanta an rubuta:
zuwa ga duk wanda ya tuna Dankan.
Kafin la'asar su uku suna ƙofata.
Ubale ya ce labarin gudunsa ne ya ƙetare teku.
Ɗayyabu ya ce tallafi ne, a ba shi ya adana.
Malam bai ce komai ba,
ya san ba mai iya karanta ta sai shi.

Ya goge tabarau da bakin riga.
Jikar Baturen ce.
Ta ce kakanta ya rasu da daɗewa,
amma har ya tsufa yana zancen wata mace
da ke aiko masa fura a ƙwarya kullum hantsi
ba ta taɓa karɓar sisi ba.
Sai Malam ya tsaya.
Ya kai takardar kusa da ido, ya nesanta ta.
A ƙasa, inda ake sa hannu,
da baƙaƙen boko masu karkata,
an rubuta Tabawa.

Muka ɗunguma gidan Inna, mu huɗu.
Tana kan tabarma tana ɓarar gyaɗa.
Aka faɗa mata sau biyu, kunnen ya yi nauyi.
Ta daɗe tana kallon ɓawon da ke hannunta.
Ta ce, "Ashe ya biya.
To ƙwaryata fa, ta ce tana nan?"