Harafi Ɗaya a Aveiro

Juma'a ce, biyar saura kwata,
ruwan sama na dukan gilashin ofis,
kwale-kwalen Aveiro sun fake a gindin gada.
Ni kaɗai, da kwamfuta, da kofin da ya huce.
Watana biyu a masana'antar tayil,
ban gama sanin makunnin fitilu ba,
amma an damƙa mini mabuɗin kuɗi.

Sai saƙo ya faɗo cikin imel.
Anselmo ne, mai kawo mana yumɓu:
tambarinsa, shuɗin takardarsa,
har gaisuwar da ya saba.
"Mun sauya banki. Ga sabuwar lamba.
Yuro dubu tara da ɗari huɗu.
A biya kafin shida, in ba haka ba
motar Litinin ba za ta taso ba.
Kada ka kira, ina cikin taro."

A raina na ga tanda ta mutu,
ma'aikata sha ɗaya sun naɗe hannu,
kowa na nuna ni da leɓe.
Na kwafi lambar. Na manna.
Yatsana na shawagi kamar shirwa
a kan kalmar da ke cewa a tura.

Dona Graciete ta dawo ɗaukar lemarta.
Shekara talatin lissafin nan na hannunta
kafin ciwon gwiwa ya mai da ita rabin yini.
Ta leƙa ta kafaɗata, ba ta ce uffan ba,
ta zaro tabarau daga wuyan riga,
ta ɗora farce a kan adireshin.
"Karanta mini. A hankali.
Kamar ɗan aji ɗaya."

A, n, s, e, l...
Nan harshena ya harɗe.
Inda m ya kamata ya zauna,
r ne da n suka manne wa juna,
kafaɗa da kafaɗa,
suna kwaikwayon wanda ba su ba.
Kura ce ta ari fatar akuya,
ɗinkin kawai ya tona ta.

"Ruwa ba ya tsami banza," in ji ta.
"Mai ce maka yi sauri, kuma kada ka kira,
idonka yake so ya rufe, ya toshe kunnenka.
Anselmo da taro?
Ai da shebur kaɗai yake taro."

Ba ta dubi lambar da ke ƙasan saƙon ba.
Ta jawo tsohon littafi mai koren bango,
ta bi layin da ta rubuta da biro
tun ban iya ɗaura takalmi ba.
Waya ta yi ƙara sau shida.
Muka ji rurin inji, da haushin kare,
sannan murya mai ƙura-ƙura:
"Banki? Ni?
Inda ubana ya ajiye, nan nake ajiyewa.
Ku ne na uku yau.
Mai tukwanen Ílhavo ne bai kira ba.
Shi jiya ya tura."

Na san mutumin.
Makon jiya ya ba ni kofin shayi mai zanen kifi,
ya ce wannan bai gasu daidai ba, in riƙe.
Na janye hannuna na cusa a aljihu
kamar wanda ya taɓa garwashi.

Muka sanar da banki,
muka aika wa sauran masu sayen yumɓu.
Ba ta yi mini faɗa ba.
Ta yago takarda ta manna a gefen allon:
"In lamba ta sauya, nemi murya."
Ta ɗauki lemarta.
A bakin ƙofa ta waiwayo:
"Duarte, kashe fitila.
Makunnin na bayan kabad."