Ludayi Uku

Ni ce mai furar bakin kwalta a Runjin Sambo,
shekara tara ina dama wa gari,
amma ɗan cikina, Arzika,
sau ɗaya ya taɓa kai ludayina baki,
muka kwana tsakanin tabarma da bayan ɗaki.

Cikinsa ya tashi kamar ganga,
na kara kunne, na ji ana kiɗa a ciki.
A asibitin koyarwa aka yi mana doka:
ban da nono, ban da madara, ban da alkama,
wato ban da burodi, ban da taliya,
ban da alkakin da ake raba wa yara ranar biki.

Sai ga Cika mai kemis da 'yar kwalba:
"Wannan daga waje aka kawo ta,
ƙwayar narkar da abinci ce.
Ɗaya kafin loma, ya ci abin da ransa ke so."
Na ƙirga masa ribar kwana goma sha ɗaya,
na ƙulle kwalba a bakin zane,
na taho gida ƙafata ba ta taɓa ƙasa don ɗoki.

Da dare ɗokin ya huce.
Na juya ta gaban fitila,
rubutu birjik kamar tururuwa,
ban san wanda ke cewa sha ba,
ban san wanda ke cewa kul ba.
Inno ta ce, "Mi kika jira? Ba shi mu gani."
Na ce, Inno, gwaji sai a gonar albasa,
in ta ƙi bana a sake baɗi,
wanga yaro ba ni da wani in na ɓata wanga jiki.

Kwana uku tana ƙarƙashin matashi.
Ran na huɗu na rufe ƙwarya, na hau kabu-kabu,
muka ratsa Gawon Nama rana na dukan ƙeya.
Likita ta karɓa, ta duba gaba, ta duba gindi,
ta ce, "Ba lambar hukuma,
kuma awon manya ne, ba na ɗan shekara shida ba."
Ta ja kujera kusa, ta ce,
"Kowane ciki da masu niƙansa.
Na Arzika, mai niƙa nono ne ya gaza.
Akwai ƙwayar da ke ara masa hannu,
aro na cin abinci ɗaya, ba kyauta ba.
Alkama kuwa ba rashin niƙa ba ne,
hanjinsa ne ke faɗa da ita,
kuma ba ni da ƙwayar da ke raba wannan yaƙi."

Ta rubuta wata, ƙarama, ta faɗi awo:
da kurɓin farko, ludayi uku, kada ki ƙara,
ki lura, ki dawo mini da abin da kika gani.
Ban iya biro ba. Na iya gawayi.
Na share wuri a bango kusa da murhu
inda zan ja layi in an kwana da sauƙi.

Ran Alhamis na dama da citta kaɗan.
Ya sha ɗaya, ya dube ni.
Ya sha biyu.
Na uku ya riƙe a baki bai haɗiye ba,
wai kada ya ƙare.
Daren nan ban runtsa ba,
kunnena na kan cibiyarsa har asalatu,
ban ji komai ba sai numfashi,
sai karen maƙwabta yana haushin baƙi.

Da safe ya ce, "To yau burodi?"
Na ce a'a.
Ya yi kuka, na bar shi ya yi,
na soya masa masar shinkafa, na zuba zuma.
Layi bakwai ne yanzu a bango,
da wuri guda da na bari fili,
ranar da na ƙara ludayi don tausayi
muka biya da dare, ni da shi.

Cika ya ce ba a mai da abin da aka buɗe.
Na zubar da ƙwayoyin a masai,
na wanke kwalbar, tana nan kan kanta,
allurata da zare ke ciki.