Alƙalamin Bahago

A wani lungu na Kobe, bayan tashar jirgi,
tsoho Tsuneo ya kai alƙalamin ƙarƙashin fitila.
Fumie ta ce tsallake yake yi,
ya rubuta harafi biyu, ya yi gum.

Ya jiƙa shi a ruwan ɗumi,
shuɗi ya tashi kamar hayaƙi.
Ya zura siririyar tagulla a tsagar bakin,
ya gwada. Tawada ta biyo, ba gardama.

Ta karɓa. Ya sake ƙafewa.

"Mai shi bahago ne?"
"Shekara arba'in," in ji ta.
"Ƙarfen ya cinye ta gefensa. In goge miki?"

Ta daɗe tana kallon dutsen washi.
Sai ta mayar da jaka kafaɗar dama,
ta miƙo hannun hagu.