Makullai Goma Sha Ɗaya

Makullai goma sha ɗaya a zobe guda,
shekara sha tara suna kuka a ƙuguna.
Kafin a ga fuskata a kan tudun Valparaíso
an ji ƙararsu, an ce ga Eulalia nan tafe.

Akwai na tsoho Hermógenes, mai mance tukunya a wuta.
Akwai na tagwayen da uwarsu ke kwana aiki a tashar jirgin ruwa.
Na akwatin kuɗin unguwa, na ɗakin taro mai yoyo,
da na wata da ta tafi Antofagasta tun kafin girgizar ƙasa,
ta ce in ba furanninta ruwa, mako biyu kacal.
Furannin sun mutu, sun tsiro, sun sake mutuwa.
Ba ta aiko ba, ni ma ban tambaya ba.

Bakina ya san hanyar "to"
kamar yadda ruwan sama ya san matakalar unguwarmu,
ba ya tsayawa shawara, gangarawa kawai yake.
Daren Alhamis kuwa na karta ne a gidan Zunilda,
taba ɗaya tana kunna 'yar'uwarta,
muna tuna mutanen da muka riga muka gama tunawa.
Sabo turken wawa.
Ni na kafa turken, ni na sayo igiyar,
har nakan yi alfahari da kyan ƙullin.

A ƙasan akwatina akwai wata takarda
ta makarantar yamma, can bakin teku,
inda ake koyon gyaran injin kwalekwale.
Aikin babana ke nan. Ina yarinya nakan riƙe masa fitila,
bai taɓa miƙo mini sufana ba.
Sau huɗu na cike takardar, sau huɗu na ninke.
Talata da Alhamis ake darasin.
Alhamis fa!

Ran nan na tarar Hermógenes ya hau kan lemona da almakashi.
Na yi ihu, na ce reshen nan ɗanye ne!
Ya ce, ɗanye ne mana, shi ya sa yake shanye ruwan.
Bai ko dube ni ba. Ya datse.

Na kwana ina jin haushinsa.
Da safe na sauka matakala ɗari da sittin da biyu,
ina tsayawa ƙofa ƙofa.
Farcena ya karye wajen ɓamɓare na farko.
Uwar tagwaye ta yi dariya, ta ce ai sun yi gemu.
Akwatin kuɗi na ba Nicanor, ya ƙirga a gabana har sau biyu.
Na matar Antofagasta na tura ƙarƙashin ƙofa,
na ji ya yi ƙara a ɗakin da babu kowa.
Na tsohon kuwa na rataya masa a wuya,
na ce gobe zan leƙo, amma sai na ƙwanƙwasa.

Zunilda har yau ba ta amsa gaisuwata.
Wannan yana ciwo, ba zan ɓoye ba.
Tabar ma takan kira ni da magariba,
muryarta ba ta tsufa ba.

Unguwa dai ba ta faɗa teku ba.
Ɗakin taro yana nan da yoyonsa, wani ke tara bokiti.

Yanzu nakan ɗan karkace in ina tafiya,
ƙuguna bai yarda nauyin ya tafi ba.
Shekarata hamsin da uku, ni ce babba a aji,
baƙin mai ya shiga layin tafina ya ƙi fita.
Jiya wani inji da ya shekara shiru
ya yi tari sau biyu a hannuna, ya tashi.

Na hau tudu da dare, makulli ɗaya a aljihu.
Ba shi da abokin karo, ba ya ƙara.
Har na isa ƙofata
ko karen unguwa bai san na wuce ba.