Gonar da Ba a Girbe Ta

A Kwara-Kano, bayan katanga mai ƙayar ƙarfe,
akwai wata gona, taku goma sha biyu,
wadda ba a girbe ta.
Ni ke noman ta.

Sunana Nomau, ɗan Arzika na Kaita.
Ubana ya ƙare ƙarfinsa wajen yaƙi da haki,
ko a mafarki ya ga ƙiri-ƙiri sai ya lalubi hauya.
Ga ni nan Yamai, jikka talatin a wata,
ina shayar da abokin gabarsa
safe da marece.
Madam Zalika ta ce sunansa gazon.

Tun kafin ladan ya gyara murya nike jan tiyo,
lokacin ne famfo ke da numfashi.
In rana ta take, ruwa ƙuna ne ga ganye,
wannan ba a lakkal na koye shi ba.
Abin da ƙasar nan ke sha kafin hantsi
ya ishi gidanmu kwana uku, har da jaki.
Ban faɗa wa kowa ba.
Tiyo ma bakinsa ɗaya, kuma ba ya magana.

Sai baƙin da ba a gayyata ba.
Aya-aya, mai rai tara:
ka tsinke kanta, ta yi maka dariya daga ƙasa,
sai ka durƙusa da tsohuwar wuƙa
ka bi saiwa, ka bi saiwa,
har ka ciro ɗan ƙwallon da take ɓoyo.
Ƙarangiya kuwa a wandon baƙi take shigowa.
Tsidau na kwance lamo kamar mutumin kirki,
yana jiran ƙafar Nafisa, autar gida,
da ba ta son takalmi.

Ran da tsakiyar fili ta yi ja kamar an ɗora tukunya,
Madam ta ce ban ba da ruwa ba.
Na ɗaga fatar ƙasa da yatsa:
gara ce, ta yi gari, har da kasuwa.
Gefe ga gwazarma, fari sol, ya naɗe,
ya ƙoshi da takin da na sayo da kaina a Turaku.
Ta miƙo kwalba mai hoton ƙoƙon kai.
Na ce a ba ni kwana bakwai.
Na daka ƴaƴan bedi, na jiƙa da tonka da ɗan sabulu,
na bi da toka,
don kaji na kiwo nan, yarinya na birgima nan,
kuma huhun nawa ne, ba na aro ba.
Kwana tara ya ɗauka. Ba ta ƙirga ba.

Asabar aski.
Ba na sauka ƙasa da yatsa uku,
wanda aka yi wa ƙwal kwabo, rana ke cin ƙeyarsa.
Abin da almakashi ya zubar
buhu guda ne, na ragon mai gadi.
Shi kaɗai a unguwar nan
ya san amfanin aikina a cikinsa.

To, shekaranjiya, bayan ruwan farko,
a tsakiyar kore, inda Madam ke aza kujera,
wani ganye ya tsaya, ya ɗara saura tsawo.
Na sunkuya da wuƙa.
Hatsi ne.
Wata kurciya ce, ina zato, ta bar shi.

Na daɗe a durƙushe.
A nan gidan, shi ne haki.

Na cire shi, aikina ke nan,
amma da ƙasarsa, a tafin hannu, kamar ɗan tsako.
Yana cikin gwangwanin tumatir bayan ɗakin injin,
inda tiyo ke ɗiga ba da izinin kowa ba.

Daren jiya tsoho ya kira daga wayar maƙwabci:
"Nomau, an yi ruwa nan. Kai fa, ka yi shuka?"
Na dubi gwangwani.
Na ce, "Baba, na yi."